Yadda ake yi wa dirkar kwana tokari don shingen gona ya daɗe a tsaye

Idan ka ga shingen waya ya saki, layuka sun yi ciki har akuya na ratsawa, kada ka ɓata lokaci kan dirkokin tsakiya. Taka ka je kwana ko bakin ƙofa, a nan ciwon yake: dirka ta sunkuyo, ƙasar gindinta ta buɗe baki ta baya. Dirkokin tsakiya ɗaga waya daga ƙasa kawai suke yi, don jan dama da jan hagu suna kashe juna a kansu. Ta kwana da ta ƙarshen layi kuwa ta gefe ɗaya ake jan su. Layi ɗaya na waya mai ƙaya, in an ja shi yadda ya kamata, yakan ɗora wa dirka abin da ya kusa nauyin buhun masara mai kilo 100. Layi huɗu buhu huɗu ke nan, dare da rana, rani da damina. Itace ɗaya tilo ba zai jure wannan ba, balle in ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa ta yi laushi. Maganin abin shi ne tokari.

Iri biyu ne suka fi sauƙi ga manomi. Akwai na gicciye, wato dirka biyu da sanda a kwance tsakaninsu da waya a karkace. Akwai kuma na jingine, sanda ɗaya doguwa da ke tokare dirka daga ƙasa. Na gicciye ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, shi za mu fi daɗewa a kansa.

Itacen da za ka nema

Dirkar kwana ta kai tsawon ƙafa 8, kaurinta inci 6 zuwa 8 a siririn bakinta. Ta biyu, wadda za mu riƙa kira dirkar tallafi, ita ma ƙafa 8, kauri inci 5 ko 6. Sandar gicciye ƙafa 8, kauri inci 4, miƙaƙƙiya sosai. Wannan miƙewar ba ado ba ce. Gicciye matse shi ake yi daga baki biyu, in yana da ɗan lanƙwasa tun farko, nan zai ci gaba da lanƙwashewa har ya karye.

A cikin itatuwanmu kirya ce gaba wajen jure gara da ruɓa, sai dai ta yi ƙaranci, kuma sare ɗanyen itace ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba rigima ce da ba ka buƙata. Azarar giginya tana da kyau ƙwarai in ka samu baƙin ɓangaren nan mai tauri na baya. Farin cikinta mai laushi ba ya daɗewa a ƙasa. Ka sani ita azara ba ta son ƙusa, tsagewa take yi, sai an huda ta tukuna. Marke da bagaruwa suna da ƙarfi. Darbejiya tsaka-tsaki ce, in ta tsufa jan cikinta ya yi yawa tana yin aiki, ƙananan rassanta kuwa fari ne zalla, gara za ta cinye su da wuri. Turare shi ya fi samuwa kuma ya fi miƙewa, ya dace da gicciye, amma in za a binne shi dole a yi masa magani. Farin katakon tu-bai-fo da ake saye a 'yan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo a Kano na rufin ɗaki ne, kada ya shiga rami. Dashi da ararrabi da ake dasa reshensu ya yi saiwa suna da amfani a tsakiyar layi, amma kada ka ɗora musu jan kwana kafin su kama ƙasa.

Ka ɓare ɓawon itacen gaba ɗaya, don a ƙarƙashinsa ƙwari da danshi ke zama. Ka jera shi a inuwa bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, ya sha iska mako shida zuwa takwas. Ɗanyen itace in ka binne shi, yana bushewa yana ramewa a cikin rami, bayan wata biyu sai ka ji yana girgiza, ƙusoshin jikinsa kuma sun saki.

Inda dirka ke mutuwa sananne ne: daidai fuskar ƙasa, taƙi ɗaya sama, taƙi ɗaya ƙasa, inda danshi da iska suka haɗu. Saboda haka maganin ya rufe duk abin da za a binne, ya kuma hau sama da ƙasa da ƙafa ɗaya. Hanyar gargajiya ita ce a babbake gindin a wuta ana juyawa har bayansa ya yi baƙi, ba har ya tsage ba. Wanda ke da hali ya shafa maganin katako irin su Solignum sau biyu ko uku, yana bari kowane shafi ya shiga jiki. Mutane da yawa baƙin mai suke shafawa, yana ɗan taimakawa, amma yana gurɓata ƙasa da ruwa, don haka kada ya kusanci rijiya ko fangalin kayan lambu. Kan dirka kuma ka yanke shi a karkace da zarto don ruwan sama ya riƙa zamewa.

Sauran kaya ba su da yawa. Rodi mai kaurin milimita 10 ko 12, mai walda ya yanka maka guda biyu, ɗaya inci 5, ɗaya inci 10. Waya santala marar ƙaya, mai kauri, wadda ba ta tsatsa, kamar mita 13. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan kayan gini na manyan garuruwa ana samu. Siririyar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita ba za ta yi ba, tsinkewa za ta yi tun kana murɗawa. Sai ƙusoshi masu baki biyu na riƙe waya, in babu ka lanƙwasa 'yan inci uku. Sai gajeriyar sanda mai tauri, tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗori. Kayan aiki: dagi, shebur, guduma, zarto, gizago, filaya, igiya, abin huda katako, da tsohuwar taɓarya ko rodi mai kauri na daɓe.

Rami da daɓe

Kafin dagi ya taɓa ƙasa ka tabbatar da iyaka. Ka kira maƙwabcin gonarka ya tsaya a wurin, in akwai wata tantama a kira mai unguwa. In gonar tana bakin burtali, ka ja baya ka bar wa dabbobi hanyarsu cikakkiya. Dirkar tsakiya ana iya cire ta a matsar cikin minti goma, kwana mai tokari kuwa in ta zauna a inda bai dace ba, aikin yini guda ne ya tashi a banza, ga ɓacin rai.

Ka ja igiya bisa layin da shinge zai bi, don dirka biyun da gicciye su zauna daidai kan layin jan waya. In tokari ya kauce ko da taƙi ɗaya, waya za ta riƙa murɗa shi gefe.

Zurfin ramin dirkar kwana ƙafa 3 da rabi, saura ƙafa 4 da rabi a sama. Faɗinsa ya ninka kaurin dirka sau biyu, kada ya fi haka da yawa, don ƙasar da ba a taɓa ba ta fi duk wani daɓe ƙarfi. Gefen ramin ya sauka a miƙe. Ramin da ya buɗe sama ya tsuke ƙasa kamar mazurari shi ne ke tofo dirka waje. Lokacin da ya fi daɗin aikin shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ƙasa da sauran danshi. In da rani ne, ka fara ramin da yamma, ka zuba bokiti biyu na ruwa ya kwana, da safe dagi zai shiga.

Zuba tsakuwa kamar inci 3 a gindin rami don ruwa ya samu wurin tsiyayewa. Sa dirka, kaurin bakin a ƙasa. Ka ɗaura ɗan dutse a igiya ka sake shi kusa da ita don ganin miƙewarta, sannan ka ɗan kwantar da kanta baya, wato nesa da inda waya za ta ja, kamar inci ɗaya ko biyu. In an ja waya za ta dawo ta miƙe.

Daɓe shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi yi wa ha'inci. Ka zuba ƙasa inci 4, ka daɓe har taɓarya ta daina nutsewa ta fara tsalle, sannan ka ƙara inci 4. Ƙafar farko ta can ƙasa ita ta fi muhimmanci, don ita ke riƙe gindi kada ya shura baya. Ƙasar ta kasance da ɗan danshi, yadda in ka dunƙula ta a hannu za ta tsaya ba tare da ta ɗiga ba. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, caɓi kuma in ya bushe ramewa yake yi. Marmara da aka gauraya da tsakuwa ta fi komai. Alamar an yi daɓe na gaskiya ita ce duk ƙasar da ta fito ta koma, har kana neman ƙari, duk da dirka ta cinye wuri.

Ƙasa ba ɗaya ba ce. A jigawar wajen Gumel, Maigatari da Ɓaɓura, yashi ba ya riƙe itace, sai ka nemi dirka mai ƙafa 9 ka binne ƙafa 4, ka kuma yi mata takalmi: guntun itace mai tauri, ƙafa 2, a kafe shi a gicciye kusa da gindinta da manyan ƙusoshi ko rodi, ramin ya yi faɗin da zai ɗauke shi. Nauyin ƙasar da ke bisa takalmin shi zai hana ta tumɓukewa. Ka ƙara da faffaɗan dutse ko guntun gungume a kwance a gabanta, ɓangaren da ake ja, inci 4 ƙarƙashin fuskar ƙasa. A baƙar lakar fadamar Haɗeja da Auyo kuwa, ƙasa na kumbura da ruwa ta tsattsage da rani, don haka kada ka mayar da lakar zalla, ka kawo marmara da tsakuwa ka cike ramin da su.

Siminti ba dole ba ne, kuma a ganina an fi yin ɓarna da shi fiye da gyara. In itace ya rame a cikinsa, sai tsaga ta buɗe, ruwa ya taru, dirka ta ruɓe a cikin kaskon da ka gina mata. In ƙasar ta tilasta maka, ka yi kwaɓin kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kada ka toshe gindin, ka tudunta saman ya gangara waje, ka jira kwana bakwai kafin ka ja waya.

Ɗora gicciye

Kada ka auna ramin dirkar tallafi da ido. Kwantar da sandar gicciye a ƙasa, bakinta ɗaya na taɓa dirkar kwana, inda ɗaya bakin ya tsaya nan ne gefen dirkar tallafi. Zurfin ƙafa 3 zuwa 3 da rabi. Sa ta a rami, amma kada ka daɓe tukuna.

Gicciye zai zauna kamar inci 42 daga ƙasa, tsakanin layin waya na sama da mai bi masa, don kada ya tare wurin ƙusa. Ka daidaita bakunansa da zarto su yi lebur. A jikin dirkar kwana ka huda rami mai zurfin inci 2 da rabi, a tsakiyar bakin gicciye ma haka. Buga gajeren rodin a dirka, ka zura gicciye a kansa. Ɗaya ɓangaren, ka huda dirkar tallafi har ta ɓulle, wani ya riƙe maka gicciye a kwance daidai, ka buga dogon rodin ya ratsa dirka ya shiga gicciye inci 3, ka bar inci ɗaya a waje ta baya. Wannan ɗan kan da ya rage shi zai riƙe waya kada ta zame. Yanzu ka matso da dirkar tallafi ta manne da gicciye, ka daɓe ta kamar yadda ka yi wa ta farko.

In babu abin huda, rodin da aka gasa ya yi ja yana huda itace, sai dai da haƙuri. Ko kuma ka sassaƙa gurbi da gizago a jikin kowace dirka, zurfin rabin inci zuwa inci ɗaya, bakin gicciye ya zauna a ciki, ka buga ƙusoshi 'yan inci shida a karkace. Kada gurbin ya yi zurfi, raunana dirka yake yi, kuma ka shafe shi da magani don ruwa na kwana a wurin. Ƙusa kaɗai ba gurbi ba rodi ba ta isa. Rana ɗaya sa zai sosa wuyansa a jiki, gicciye ya faɗo.

Tsawon gicciye shi ne inda masu son tsimi ke cutar kansu. Ƙa'ida ita ce ya kai ninki biyu na tsayin layin waya na sama. Dalili kuwa, wayar da ke karkace tana jan gindin dirkar kwana gaba, tana kuma ɗaga shi sama. In gicciye ƙafa 4 ne, wayar ta yi tsaye da yawa, ƙarfin da ke ɗaga dirka ya kusa kai duk ƙarfin jan shinge. In ƙafa 8 ne, ya ragu zuwa wajen rabi. A yashi ka kai shi ƙafa 10 in ka samu sanda. Duk dirkar kwanar da ka ga ta fito daga rami kamar an tuge rogo, auna gicciyenta, za ka tarar gajere ne.

Wayar karkace

Ka riƙe wannan da kyau, don a nan ake juya abu: waya tana farawa daga gindin dirkar kwana, ta hau zuwa saman dirkar tallafi. Ƙasa a kwana, sama a ɓangaren da shinge ya nufa. Shinge na jan kan dirkar kwana, ita ta tura gicciye, gicciye ya tura kan dirkar tallafi, wayar kuma ta riƙe wannan kan ta mayar da nauyin gindin dirkar kwana, inda ƙasa ta fi riƙo. In ka juya ta, da zarar an ja shinge sai ta saki, tokarin ya zama hoto.

Buga ƙusa mai baki biyu a bayan dirkar kwana, inci 4 daga ƙasa, ba har ta danne ba. Zura waya ta ciki, ka kai ta bisa kan rodin nan na bayan dirkar tallafi, ka dawo ta ɗaya gefen. Zagaye biyu cikakku. Ja da hannu iya ƙarfinka, ka haɗa bakunan ka nannaɗe kowane a jikin ɗan'uwansa sau shida ko fiye da filaya. Sa gajeriyar sandar a tsakiyar zagayen, ka fara murɗawa. Za ka ji gicciye na ƙara yana matsuwa. Ka tsaya in bakunansa sun manne ba tsaga, waya kuma in ka buga ta tana amsawa kamar tsirkiya. Wuce nan ɓarna ce: rufin da ke hana ta tsatsa zai fashe, ko ta tsinke a wurin murɗin.

Sandar nan tana da haɗari. In ta kuɓuce tana juyowa da ƙarfin da zai fasa haƙori ko yatsa, don haka fuskarka ta kauce daga layinta, yara su matsa. In ka gama, ka jingina ta da gicciye ta gefen da take son warwarewa, ka ɗaure ta da guntun waya. Kada ka zare ta, da ita za ka ƙara murɗi baɗi.

A kwana sosai, inda layi biyu suka haɗu, tokari biyu ake yi, kowane na bin layinsa, dirkar kwana ɗaya ta haɗa su: dirka uku, gicciye biyu. A bakin ƙofa kuwa, nauyin ƙyaure yana jan kan dirka zuwa wajen ƙofa, akasin jan shinge, sai a ƙara waya ta biyu daga saman dirkar ƙofa zuwa gindin dirkar tallafi, su gitta juna. In layi ya yi tsawo, ka sa tokari mai waya biyu irin wannan duk bayan kamar mita 200, da kuma inda ƙasa ta hau tudu ko ta faɗa kwari.

Na jingine, ga gajeren shinge

Ga ɗan lambu ko garken da layinsa bai wuce mita 50 ba, sanda ɗaya mai ƙafa 10 da kaurin inci 4 ta wadatar. Kanta ya shiga ɗan gurbi a jikin dirka, kamar ƙafa 3 daga ƙasa, a ɓangaren da waya ke ja. Gindinta ya sauka kan faffaɗan dutse, ba kan ƙasa tsura ba, in ba haka ba damina ɗaya zai nutse. Sannan ka zagaya waya daga gindin dirka zuwa gindin sandar, ka murɗa ta kamar dai waccan, ko ka kafa guntun turke mai ƙafa 3 a gaban gindin ya tare shi. Kuskuren da aka saba shi ne a ɗauko gajeriyar sanda a tokare can kusa da kan dirka. Wannan ba tokari ba ne, jak ne, ɗaga dirkar zai yi daga rami. Sandar ta kwanta sosai, ta fi kusa da kwanciya fiye da tsayuwa.

Jan shinge da abin da za ka riƙa dubawa

Ka ba tokari kwana uku zuwa mako guda ƙasa ta zauna. Wajen ɗaure layukan shinge, kowane ya zagaye dirkar kwana ya dawo ya nannaɗe jikinsa. Ƙusa ba ta riƙe ja. Kada ka ɗaure su a dirkar tallafi, a jikinta wucewa kawai za su yi ta cikin ƙusa sako-sako, haka ma a dirkokin tsakiya, don waya ta riƙa zamewa in dabba ta tura ta. Sa safar hannu ta fata. In a zafin Afrilu kake ja, ka rage hannu kaɗan, don ƙarfe na tsukewa da sanyi, daren hunturu zai ƙara wa kwana nauyin da ba ka sa mata ba.

Bayan ruwan farko mai ƙarfi ka zagaya kwanoni. In ƙasa ta lotsa a gindin dirka, ka cike ka daɓe, ka tudunta don kada ruwa ya kwanta. In wayar karkace ta yi sanyi, murɗi ɗaya ko biyu ya isa. In ka ga hanyar gara ta ƙasa tana hawa jikin itace, ka kankare, ka tone taƙi ɗaya a kewaye, ka soka wuƙa ka ji ko ciki da sauran tauri, ka sake shafa magani. Da kaka kuma, kafin a fara ƙone-ƙonen sauran gona, ka share ciyawa da kara taku biyu a kewayen kowane tokari, don busasshen itacen da ya sha mai ba ya jiran wuta ta daɗe a gindinsa.